Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin jami'o'in Arewa da malaman ilimin halayyar ɗan'adam

Zuwa ga shugabannin jami'o'in Arewacin Nijeriya, da majalisunsu na malamai, da shugabannin sassan koyar da ilimin halayyar ɗan'adam.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, iyayenmu kuma malamanmu. Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malaminsa, ina fatan kuna lafiya da iyali baki ɗaya. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da 'ya'yan jama'a, duk da ƙarancin albashi da tarin aikin da muka gani da idanunmu.

Ni ɗaliba ce da ta fito daga hannunku. Na yi digirin farko a ilimin halayyar ɗan'adam, wanda a harabar jami'a muke kira saikoloji, na yi hidimar ƙasa, yanzu kuma ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa mutanen da rikici ya raba da gidajensu. Hannuna ne ya rubuta takardar nan, amma maganar tamu ce mu da yawa: 'yan ajinmu da suka bazu a makarantu da asibitoci da ofisoshi da kasuwa, da kuma ƙannenmu da ke zaune yanzu a kan bencin da muka tashi. Mun daɗe muna ƙorafi a tsakaninmu. Tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, muka ga gara mu kawo muku shi a fili.

A ƙarshen shekarar 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fito da sabuwar manhaja da ake kira CCMAS, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 2007. Hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da mutanenta da muhallinta. Mun san ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta nuna rashin amincewa da wannan rabo, amma wannan muhawarar manya ce, ba za mu sa baki ba. Bayan 'yan makonni, a watan Janairun 2023, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, aka rabu da tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki. Mun yi murna ƙwarai, muka ce ga dama ta zo har gida. Sai muka tambayi ƙannenmu abin da ya canza a aji. Wata ta miƙo mini handawut ɗin darasin girman yara, na buɗe na ga wanda aka ba mu ne, har da kuskuren bugun da ke shafi na uku. Sunan kwas ɗin da lambarsa ne kawai suka sauya.

Kafin in shiga ƙorafi, bari in faɗi gaskiya: manhajar tana da faɗi, kuma faɗin nata alheri ne. Mutanen gari da sun ji abin da ka karanta sai su ce, "To faɗa mini abin da ke zuciyata," ko su ɗauka kai likitan masu taɓin hankali ne. Ba su san cewa a shekara huɗun nan mun leƙa kusan kowane lungu na rayuwar mutum ba. An fara mana da tarihin fannin da tushensa. Daga nan aka shiga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da sinadaran jiki, da yadda ido da kunne ke kai saƙo, da yadda ake koyo da yadda ake mantuwa. Muka yi girman ɗan'adam tun daga goyo har tsufa, da halin mutum idan yana cikin taro, da bambancin ɗabi'u, da cututtukan tunani da hanyoyin magance su. Muka yi awon basira, da halayyar ma'aikaci a ofis da masana'anta, da ta mai laifi da mai ba da shaida a kotu. Ga lissafin ƙididdiga da dabarun bincike suna biye da mu kowace shekara kamar inuwa, a ƙarshe kuma a rubuta firojek. Na so wannan karatu, har gobe ina son sa. Damuwata ita ce an lissafa mana miya iri-iri da fatar baki, amma ba a taɓa ba mu ludayi aka ce mu shiga madafi ba.

Ƙorafinmu na farko ke nan: an koya mana ilimin gwaji babu gwaji. Tun makon farko aka faɗa mana cewa fannin ya tsaya da ƙafarsa ne a 1879, lokacin da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje a birnin Leipzig na ƙasar Jamus. Mun haddace shekarar, mun rubuta ta a jarrabawa. Amma ɗakin da aka liƙa wa allon gwaje-gwaje a sashenmu sau biyu na ga ƙofarsa a buɗe, duka biyun a makon da baƙi masu tantance kwasa-kwasai suka zo. Ƙwaƙwalwa a jikin allo muka gan ta, an zana da alli. An ce mana tun 1861 Paul Broca ya nuna cewa akwai wani gurbi a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa wanda in ya lalace magana ke ɗaukewa, amma babu wanda ya kai mu wurin mai shanyewar ɓarin jiki mu ji yadda kalma ke maƙale masa a baki.

Ga abin da hakan ke haifarwa. Wata ƙawata da muka gama tare ta samu koyarwa a firamare. A ajinta akwai yarinyar da takan ɗauke na 'yan daƙiƙu, ido a buɗe, fensir a hannu, sannan ta dawo kamar ba a yi komai ba. A makaranta ana zane ta wai ba ta mai da hankali, a gida ana cewa iska ce. Zangon karatu guda ya wuce kafin wani ma'aikacin jinya ya gan ta ya ce wannan wani nau'in farfaɗiya ne da ba ya ka da mutum, kuma yana da magani. Ƙawata ta kira ni tana kuka. Ta ce ta tuna an yi mana sakin layi ɗaya a kan wannan ciwo, ta ma amsa tambaya a kansa ta ci, amma da ta gan shi a gabanta ba ta gane shi ba.

Lissafin ƙididdiga ma haka ya tafi. Muka haddace ƙa'idoji a takarda, yawancinmu ba mu taɓa shigar da alƙaluma a kwamfuta da hannunmu ba. Da lokacin firojek ya zo, sai aka yi layi a shagunan kwamfuta na bakin ƙofar makaranta, mai shago ya buɗe SPSS, manhajar kwamfuta ta lissafin ƙididdiga, ya fitar wa mutum babi na huɗu, wato babin sakamako, a kan kuɗi. Ɗalibi ya tsaya gaban malamai yana kare sakamakon da bai san yadda aka same shi ba. Yau ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu suna neman mai iya tattara bayanai da tantance su ido rufe, aikin da ya kamata a ce namu ne kafin na kowa, amma sai mu koma gefe.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, wato maganar harshe. Ranar da na fara fita aiki a wani sansani, aka ba ni takardar tambayoyi ta Turanci ta auna damuwa, aka ce in riƙa fassarawa da baki. Na zauna a tabarma da wata dattijuwa da 'yan bindiga suka kashe wa miji da ɗa a dare ɗaya. Na duba takarda na ce, "Inna, kina yawan jin baƙin ciki?" Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Baƙin ciki da wa, 'yar nan? Ni ban taɓa yi wa kowa baƙin ciki ba." Hassada ta fahimta. Na sake lale, na tambaye ta ko tana jin rayuwarta ba ta da amfani. Ta ce, "Subhanallahi. Ai sai godiyar Allah." Da takardar na bi, da na rubuta cewa lafiyarta ƙalau na wuce tanti na gaba.

Wata ungozoma ce ta cece ni, matar da ko firamare ba ta gama ba. Ta matso ta dafa gwiwar tsohuwar ta ce, "Iya, yaya barci? Abinci yana shiga? Gaban naki yana faɗuwa?" Kamar an buɗe famfo. Ta ce ta manta rabonta da barcin kirki. Ta ce da ta ji ƙarar babur sai hanjinta ya kaɗa. Kanta kamar an ɗora dutse, wani abu yana yi mata yawo a jiki, tunani ya yi mata yawa har takan tsaya a tsakiyar sallah ta rasa raka'a nawa ta yi. Ta fi sa'a guda tana magana, ni kuma ina rubutu hannuna na rawa. Duk alamomin da na haddace da Turanci ga su nan a bakinta, cikin kalmomin da na tashi ina ji a gidanmu, amma a shekara huɗu babu darasi ɗaya da ya haɗa mini su wuri guda.

Malamaina, kun fi ni sanin tushen wannan. A 2008 Jeffrey Arnett ya bincika manyan mujallun fannin ya ga kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arziki, ƙasashen da jama'arsu ba ta wuce kashi 12 na mutanen duniya ba. Daga waɗannan ne aka gina yawancin ma'aunan da muke ɗauka mu gwada ɗan Gumel ko 'yar Gwoza. An koya mana sunayen gwaje-gwajen basira na Binet da Wechsler da Raven, amma ba a zaunar da mu an nuna mana abin da ke faruwa idan aka miƙa irin wannan gwaji ga yaron da ya iya kiwon shanu hamsin ya san kowacce da sunanta, amma bai taɓa riƙe fensir ba. Sakamakon zai ce daƙiƙi ne. Wanda bai san iyakar ma'auni ba zai yarda, ya rubuta, rubutun kuma ya bi yaron.

Wasu sun riga mu gano hanya. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya lura cewa mutanensa da kalmar "kufungisisa" suke kwatanta damuwarsu, ma'anarta yawan tunani, daidai da yadda tsohuwar nan ta faɗa mini. Ya horar da dattijai mata su zauna da masu damuwa a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare su yi magana da harshen gida, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna tsarin yana aiki. A nan Nijeriya ma, tun 1960 Raymond Prince ya yi rubutu kan ɗaliban da ke kukan ƙwaƙwalwarsu ta gaji, kai yana zafi, karatu ba ya zama. Ilimin yana nan. Abin da babu shi ne darasin da zai sa ɗalibin Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ya tattara irin waɗannan kalmomi na mutanensa, ya bambance ɓacin rai da ƙuncin zuciya da firgita da waswasi, ya san wanne ne ke buƙatar lallashi wanne ne ke buƙatar likita a yau ɗin nan.

Na uku yana da dangantaka da wannan. A duk reshen da muka shiga, misalan daga nesa suke zuwa, alhali ga su a tsakar gidanmu. A darasin girman yara mun karanta masanan Yamma irin su Piaget da Erikson da Bowlby. An faɗa mana Mary Ainsworth ta tsara gwajin shaƙuwar jariri da uwarsa a Amurka, amma ba a faɗa mana cewa a Yuganda ta fara lura da abin ba, a tsakiyar shekarun 1950. Sai bayan na gama na ji cewa a 1977 Robert LeVine da abokan aikinsa sun wallafa nazari kan jariran Hausawa, suka ga jariri yakan shaƙu da mutum uku ko huɗu a gida ɗaya, ko da yake akwai wadda ya fi jingina da ita. Wace 'yar Hausa ce ba ta san wannan ba? Mun tashi a gidajen da kaka da gwaggo da abokiyar zaman uwa da yaya duk suna goyo. Mun san kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta, ba ta wasa da shi a gaban mutane, alhali ranta yana kansa. Wanda ya zo da ma'aunin waje ya ga haka zai ce uwar ba ta damu da ɗanta ba. Mun san yaye, da kai yaro gidan kaka ranar da aka cire shi a nono. Mun san riƙo, da daɗinsa da ɗacinsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa darasin mako biyu da firojek goma.

A darasin koyo da tunawa an zana mana yadda Hermann Ebbinghaus ya nuna a 1885 cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri in ba a maimaita shi a kan kari ba. Tafiyar minti goma daga ƙofar jami'a akwai tsangaya, inda alaramma ya san ranar da za a yi ƙari da ranar da za a koma tishi, inda gwani ke rubuta Alƙur'ani sukutum da ka. Daniel Wagner ya bar Amurka ya je Maroko ya yi shekaru yana nazarin 'yan makarantar allo. Mu da muke maƙwabtaka da su ba a taɓa aika mu ko sau ɗaya ba. Kuma da an aika mu, da mun ga ɗaya fuskar: kolo ɗan shekara shida da ke kwana a soro nesa da uwarsa, da abin da yunwa da kewa ke yi wa hankalin yaro. Masu tsara manufofi kan almajirci suna buƙatar wannan sani, kuma daga wurinku ya kamata ya fito.

A darasin ɗabi'u an ba mu ra'ayoyin masanan Turai Freud da Jung da manyan siffofi biyar na halin mutum. Ba a kawo mana laccar Anthony Kirk-Greene da aka buga a 1974 ba, inda ya tattara abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kalmar haƙuri kaɗai abin nazari ce. Ita ce ke riƙe mutum a lokacin masifa, ita ce kuma ake rufe bakin matar da ake duka da ita. Yaushe haƙuri ke warkarwa, yaushe yake zama ciwo? Wannan tambaya ce ta fanninmu. A darasin tarihi kuma aka yi tsalle daga Girkawa zuwa Jamus, aka tsallake Abu Zaid al-Balkhi da ya rasu a shekarar 934, wanda ya yi rubutu kan tsoro da fushi da waswasi, ya kuma bambance baƙin cikin da ke da sanannen dalili da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. Aka tsallake Malik Badri na Sudan da ya yi gargaɗi tun 1979 kan kwafo ra'ayoyin Yamma ba tacewa. Ko Thomas Adeoye Lambo, wanda a 1954 ya fara ajiye majinyata a gidajen mutanen ƙauye a Aro kusa da Abekuta tare da danginsu, har ya yi aiki da masu maganin gargajiya, layi biyu ya samu.

Kada a fahimce ni baibai. Ba na roƙon a cire Piaget, ba na kuma roƙon a mai da aji wurin wa'azi. Azuzuwanmu akwai Musulmi da Kirista, akwai Bafulatani da Babarbare da Banufe da Tibi da Birom, kowa da abin da ya tashi a ciki. Roƙona a ɗauko abin gida a ɗora shi a kan ma'aunin bincike kamar yadda ake ɗora na waje, wanda ya tabbata a riƙe, wanda bai tabbata ba a faɗa.

Na huɗu, horon aiki. A shekara huɗu, sau ɗaya aka kwashe mu a bas aka kai mu wani asibitin masu taɓin hankali. Mun fi mutum ɗari. Aka zaga da mu ɗaki-ɗaki muna leƙen majinyata, wasu na ɗaukar hoto a ɓoye, kafin la'asar mun dawo. Har yau ina tuna wani saurayi da ya ja bargo ya rufe fuskarsa da muka shigo. A ranar mun keta mutuncinsa, kuma mun koma gida ba mu koyi ko yadda ake gaishe da majinyaci ba.

Ku dubi abin da ke jiran ɗalibanku a waje. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin, amma hanawar ba ta warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da fiye da mutum 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka sake ganin irin haka a Daura da wasu garuruwa. Iyaye ne suka kai 'ya'yansu can da hannunsu, galibi don ba su san wata ƙofar da za su buga ba. Rikicin Arewa maso Gabas tun 2009 ya raba mutum fiye da miliyan biyu da muhallinsu. Ga ɗaliban da aka sace, 'yan matan Chibok a 2014, yaran Ƙanƙara a 2020, 'yan matan Jangebe a 2021: waɗanda suka dawo sun dawo da abin da ba ya nunawa a hoto. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200.

Mun san mai digirin farko ba likita ba ne, kuma bai kai ƙwararren da ya yi digiri na biyu da horon asibiti ba. Wannan iyakar ma tana buƙatar a koyar da ita da kyau, domin mun ga 'yan'uwanmu da suka buɗe shafi a intanet suna ba da shawarar da ta fi ƙarfinsu. Amma tsakanin likita da rashin kowa akwai fili babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP tun 2008 don horar da waɗanda ba ƙwararru ba su gane ciwo su san lokacin miƙa majinyaci gaba, ta kuma fitar da jagorar taimakon gaggawa ga wanda ya shiga firgici a 2011. Ni a bakin aiki na fara ganin waɗannan takardu, a horon kwana biyar.

Na ƙarshe gajere ne. Malami ɗaya yana ɗaukar kwas huɗu ko biyar da ba fanninsa ba, shi ya sa rassa irin su halayyar ma'aikata da ta masu laifi da ta masu buƙata ta musamman sukan zo a gurguje a ƙarshen zango. Kuma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga inda kowane reshe ke kaiwa. Da yawa sun gama ba su san cewa gidajen gyaran hali da makarantun kurame da makafi da ofisoshin ɗaukar ma'aikata duk wuraren aikinsu ba ne.

Ranku ya daɗe, ga roƙonmu.

Muna roƙon a ware kwas na dole daga cikin kashi 30 ɗin nan da NUC ta bar wa jami'o'i, na yin hira da tantance damuwa da harshen gida. A yi shi da Hausa inda Hausa ce harshen kasuwa, a buɗe ƙofa ga Kanuri da Fulfulde da Tibi da sauransu gwargwadon inda jami'a take. A haɗa hannu da sassan harsunan Nijeriya da ke maƙwabtaka da ku a harabar makaranta ɗaya, a fitar da ƙamus na kalmomin fannin, a fassara ma'aunai a gwada su a kan mutanenmu kafin a sake su. A jarrabawar wannan kwas, a zaunar da ɗalibi gaban mutum ya yi hira malami yana kallo.

Muna roƙon a buɗe ɗakin gwaje-gwaje ya zama wurin aiki na kowane mako. Ba sai an jira manyan na'urori ba. Kwamfuta goma da hasken sola da manhajoji na kyauta irin su PsychoPy da jamovi sun isa ɗalibi ya auna saurin amsawa, ya gwada ƙarfin tunawa, ya tantance alƙalumansa da kansa. Idan da hali a nemi tallafin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a kan wannan. Kuma kada a karɓi firojek sai ɗalibi ya buɗe alƙalumansa a gaban malamai ya nuna yadda ya fitar da sakamako.

Muna roƙon a soke yawon kallo na yini ɗaya, a maye gurbinsa da horo na akalla zango guda, ƙungiya-ƙungiya kaɗan, ƙarƙashin mai sa ido. A ƙulla yarjejeniya a rubuce da asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano, da cibiyoyin masu yoyon fitsari, da makarantu da gidajen gyaran hali. Kafin ɗalibi ya taka ƙafa a can, ya ci kwas na ladubban aiki: neman izini, riƙe sirri, sanin iyakarsa, da abin da dokar 2023 ta ce game da haƙƙin majinyaci.

Muna roƙon kowane malami ya sake duba handawut ɗinsa, ya sa aikin da aka yi a Afirka kusa da wanda aka yi a Turai. Sashen farko na wannan fanni a Nijeriya an buɗe shi ne a Nsukka a 1964, don haka akwai rubuce-rubucen 'yan ƙasa na shekaru masu yawa da ke kwance a ɗakunan karatu. Shugabannin jami'o'i kuma muna roƙonku ku ɗauki ƙarin malamai bisa rassan da babu masu su, ku tura matasa ƙaro karatu a kan shan ƙwaya da firgicin bayan tashin hankali da lafiyar tunanin masu jego.

Daga ƙarshe, ku kira mu. Idan za a zauna duba manhaja, a ajiye kujera biyu ga tsofaffin ɗalibai da ke bakin aiki, ɗaya kuma ga ɗalibin ajin ƙarshe. Tun ranar da na zauna da tsohuwar nan nake riƙe da wani littafi mai bangon kwali, ina rubuta duk kalmar da na ji mutum ya kwatanta ciwon zuciyarsa da ita, da garin da na ji ta, da abin da aka gano daga baya. Abokan aikina ma wasu suna da irinsa. A shirye muke mu kawo su sashen da ya fara neman mu, kafin a buɗe zangon karatu mai zuwa.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sa ku gama da duniya lafiya.

Ɗalibarku,
a madadin 'yan'uwanta tsofaffin ɗalibai da na yanzu.